Sarauniya: sarauta ce ko suna? Ɗan nazari a kan littafin Abdoulaye Mamani

1. Gabatarwa

A ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne sarauta ta zama sunan yaro: akwai Mayaƙi, Yarima, Magajiya da Gimbiya. Galibi laƙabi ne da ake sakaya sunan yanka da shi, in yaro ya ci sunan kakan da ya riƙe sarautar. Kalmar Sarauniya ta bi wata hanya daban, domin littafi ne ya mai da ita sunan mutum guda. Abin da za mu duba ke nan.

2. Asalin kalmar a Arewa

A Lugu, cikin gundumar Dogon Dutsi, Sarauniya muƙami ne na addinin Azna. Bisa tarihin baka, ta farko ita ce Ƴar Kasa, wadda ta taso daga Daura. In Sarauniya ta rasu, gawarta ake ɗauka ta nuna magajiyarta. Wannan shi ne tarkama. Wadda aka zaɓa takan zauna cikin ɗaki da fararen tufafi, tana kaɗin auduga, tana roƙa wa ƙasa ruwa da lafiya. Kowacce kuma tana da sunanta na kanta. Mangu ita ce ke riƙe da muƙamin lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu a watan Afrilu na 1899.

3. Abin da littafin ya yi

A 1980 Mamani ya fitar da «Sarraounia» da Faransanci. Ya ɗauki muƙamin ya raɗa wa jarumarsa, ya ƙaga mata ƙuruciya a hannun wani mai suna Dawa, ya ba ta baka da kibiya. Ta fuskar adabi dabarar ta ci nasara: mai karatu ya fi riƙe mace guda mai suna guda bisa ga jerin sarauniyoyi. Amma akwai hasara. Ƙarfin Sarauniyar Lugu yana cikin ɓuya da tsarki, shi kuwa Mamani ya fito da ita filin daga. Fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, ya ƙara kafa wannan siffa.

4. Yaɗuwar sunan

Daga nan sunan ya hau alluna: makarantar sakandare a Doso, gidan rediyo da talabijin a Yamai, har da lambar girma da hukuma ta ƙirƙiro a 2023. Iyayen birni da ke kiran ɗiyarsu Sarauniya, jarumar littafi suke nufi. A ƙauyukan Dogon Dutsi da Tibiri kuwa, yaɗuwar Musulunci ta sa Hadiza da Mariyama suka cika ranar suna, su Nomau da Arzika suka fi zama laƙabi. Wato sunan ya yi tashe a birni daidai lokacin da addinin da ya haife shi ke ja da baya a gida.

5. Kammalawa

Ba mu ce marubuci ba ya da ikon ƙaga labari ba. Abin da muke gani shi ne, malamin da zai koyar da wannan littafi, musamman ga ƴaƴan Arewa, ya kamata ya raba abu ukku: muƙamin, Mangu ta 1899, da jarumar Mamani. In ba haka ba, yarinya za ta tashi da sunan ba tare da ta san tarkama ba.