Hoton da ke Kwantar da Ruwa, Ya Ɓatar da Masunci

Akwai wani salon hoto da ya cika Instagram da Facebook a 'yan shekarun nan, wanda duk mai latsa waya ya taɓa cin karo da shi ko da bai san sunansa ba. Bakin teku ne, ga baƙaƙen duwatsu a gaba, ruwan kuwa ya kwanta fari fat kamar hazon hunturu ya sauko ya zauna a kan yashi. Ba igiyar ruwa, ba kumfa, ba mutum ko ɗaya. Yadda ake yin sa ba wuya. Kowace kyamara tana da ɗan ƙyaure da ke buɗewa haske ya shiga sannan ya rufe, kuma a hoton yau da kullum buɗewar nan ba ta kai ƙiftawar ido ba. A wannan salon kuwa, sai a kafa kyamarar a kan ƙarfe mai ƙafa uku don kada ta girgiza, a sa mata baƙin gilashi mai rage haske har ninki dubu, a bar ƙyauren a buɗe daƙiƙa 30, ko minti biyu, ko fiye. Abin da ke tsaye wuri ɗaya ya fito tar, abin da ke motsi ya narke. Zan kira shi hoton dogon buɗi. Tun shekarar 2017 wayar iPhone take iya kwaikwayonsa da latsa ɗaya, wasu wayoyin ma sun bi sahu, don haka ya riga ya iso hannun matasanmu. Mu kuma a arewa maso yamma ba mu da teku, ruwan da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne Tafkin Kainji. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya ɗauko salon nan yadda yake ya dasa shi a gaɓar Yelwa ko Wara ko ƙauyukan Shanga, zai samu hoto mai kyau, amma zai share abin da ya sa ruwan ya cancanci a ɗauke shi tun farko.

Tarihin hoto kansa ya nuna abin da dogon buɗi ke yi wa mutane. A shekarar 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani babban titi a birnin Faris, titin da ke cike da kekunan doki da masu tafiya a ƙasa. Saboda na'urarsa tana bukatar mintuna kafin ta kama haske, titin ya fito wayam, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai goge masa. Duk wanda ke kan hanyar neman abinci ya ɓace, wanda ya samu sararin tsayawa shi ya saura. A lokacin ana ɗaukar haka a matsayin naƙasu, shi ya sa Gustave Le Gray ya sha yabo a 1857 da ya iya kama igiyar ruwa tana dukan duwatsu a gaɓar Faransa. Sai daga baya aka mayar da naƙasun ya zama fasaha. Hiroshi Sugimoto na Japan, wanda ya fara jerin hotunansa na teku a 1980, yana neman ruwa da sama ne kaɗai, irin abin da mutumin farko ya gani kafin a yi gari ko jirgi. Michael Kenna na Ingila yakan bar kyamararsa a buɗe sa'o'i cikin dare don ya tara abin da ido ba ya iya tarawa. Kowannensu yana da tambayar da yake yi, salon kuma shi ne amsarta. Masu kwaikwayo sun ɗauki amsar, sun bar tambayar a inda suka same ta.

Tambayar Sugimoto ba ta shiga Kainji, domin Kainji ruwa ne da hannun mutum ya tara, kuma shekarunsa a ƙidaye suke. An kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, ruwan Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, aka tashi mutane wajen 44,000 daga garuruwansu. Gungawa da dama sun bar gungayen da suka gada, tsohuwar Bussa ta nutse, haka ma ruwan nan mai gudu a kan duwatsu inda Mungo Park ya halaka a 1806. Ashe madatsar ta riga ta yi wa kogin a zahiri abin da dogon buɗi ke yi masa a hoto: ta shafe gudun ruwa ta mayar da shi shimfiɗa, garuruwa suka ɓace a ƙarƙashi. Duk da haka mutane ba su bar ruwan ba. Suna lissafin shekara da farin ruwa da ke zuwa da damina, da baƙin ruwa da ke isowa da sanyi bayan doguwar tafiya daga tsaunukan Gini. Tafkin yana cika yana ja da kusan mita goma a shekara, inda ya ja a bi shi da noma, albasar Yawuri kuma ta yi suna a kasuwannin ƙasar nan. Sarkawa da sauran masunta suna kwana a kansa, jirage suna kaiwa da komowa tsakanin Zamare da Rofiya. Yanzu a kafa kyamara a irin wannan gaɓa, a buɗe ƙyaure na minti ɗaya. Mai jefa birgi zai ɓace, yaron da ke tuƙa kwalekwale zai ɓace, mata masu ɗaukar kifi zuwa wurin banda za su ɓace. Dutse da kututture da turken ɗaure jirgi ne za su saura. Mutanen da ruwa ya kora sau ɗaya, bai kamata kyamarar ɗansu ta sake korarsu ba.

Akwai kuma batun gaskiyar halin ruwan. Hoton dogon buɗi yana gaya wa mai kallo cewa ruwan nan lafiyayye ne, mai sanyin hali, kamar tabarmar da aka shimfiɗa. Duk matuƙin jirgi a Ngaski ya san ba haka abin yake ba. Idan iskar farkon damina ta taso a inda tafkin ya yi faɗi, igiyar ruwa tana iya kifar da jirgi mai lodi, ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya binne tun 1968 suna laɓe a ƙasa. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, gidaje da yawa suka yi zaman makoki a rana ɗaya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma nan ne ƙarfin hoto yake, nan ne kuma nauyinsa. Idan hoton Kainji da ya fi yawo a waya shi ne na ruwa mai santsi kamar madubi, to wanda ke Abuja ko Birnin Kebbi, wanda ke da ikon sayen rigunan kariya ko cire kututture daga hanyar jirage, yana ganin wurin hutu ne kawai, ba hanyar da talakawa ke bi da ransu a hannu zuwa kasuwa ba.

Za a ce da ni mai fasaha ba ɗan jarida ba ne, kuma kowane hoto zaɓi ne. Wanda ya daskarar da ɗigon ruwa a iska da buɗi na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, shi ma ya nuna abin da ido ba ya gani. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma ba na cikin masu cewa kyau kaɗai bai isa dalili ba. Amma tun da kowane hoto zaɓi ne, dole a tambayi mai zaɓin me ya ajiye, me ya zubar, kuma don me. Wanda ya daskarar da birgi a sama ya ƙara mana sani game da hannun masunci, ya nuna mana yadda ragar ke buɗewa da'ira kafin ta faɗi. Wanda ya narkar da masuncin ya rage mana sani. Da a ce ya yi haka ne don yana da abin faɗi game da kaɗaici ko rashi, da na saurare shi. Abin da ke faruwa akasari shi ne ya ga irinsa a intanet ya sha yabo, sai ya nemi nasa. Alamar haka a bayyane take: a jera hotuna goma na wannan salo daga ƙasashe goma, da ƙyar a gane wanne ne na ina. Fasahar da ke mayar da Kwara da tekun Japan abu guda ta rasa idon da ake nema ga mai hoto.

Wani zai ce ƙasar Yawuri tana bukatar hotuna masu daɗin gani, domin tun sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni 2021, sunan yankin a kafafen labarai ya fi zuwa da tashin hankali. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ni ma ina tare da ita. Sai dai abin da ke wanke sunan wuri shi ne fuskokin mutanensa suna rayuwa. Da mai hoto Fati Abubakar ta so nuna wa duniya cewa Borno ta fi bama-bamai, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu ado ranar salla ta ɗauka a titunan Maiduguri. A kan wannan kogi namu, can sama a Bamako, Malick Sidibé ya ɗauki samari da 'yan mata suna shaƙatawa a bakin ruwa a shekarun 1970, hotunan da har yau ake kallo, aikinsa kuma ya kai shi ga babbar lambar yabo ta baje kolin Banis a 2007. Yawuri ma tana da bikin Rigata, inda jirage ke tsere, filafilai na sara ruwa tare, makaɗa na zuga matuƙa. Wanda ke son baƙo ya yi sha'awar zuwa, ga abin nunawa nan, kuma duk cikinsa motsi ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta kunya da sirri. Bakin ruwa wurin wanka ne da wanki, mata suna can, kuma a al'adarmu da addininmu ɗaukar hoton mutum ba da saninsa ba cin amana ne. Mai dogon buɗi zai iya cewa salonsa yana sakaya mutane, don haka ya fi ladabi. Akwai gaskiya a nan, kuma inda mata ke wanka ba wurin kafa kyamara ba ne ko wane irin buɗi za a yi. Amma maganin ɗaukar mutum ba izini shi ne neman izini. A yi sallama, a gaida sarkin ruwa da dattawan tashar jirage, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nuna wa wanda aka ɗauka hotonsa, in da hali a wanko masa. Wannan hanya ta fi tsawo, tana cin kwanaki, amma ita ce ke mayar da mai kyamara ɗan gida. Wanda ya zaɓi ya share mutane don ya huta da gaisuwa, ya guje wa rabin aikin ne.

Duk wannan ba ya nufin a jefar da baƙin gilashi da ƙarfe mai ƙafa uku. Dogon buɗi kayan aiki ne na nuna wucewar lokaci, Kainji kuwa cike yake da labarin lokaci. Alexey Titarenko ya yi amfani da shi a farkon shekarun 1990 a birnin San Fitasbag na Rasha, taron jama'a a bakin tashar jirgin ƙasa suka fito kamar hayaƙi, hannuwa kaɗai ake gani a kan ƙarfen matakala, hoton ya faɗi yadda rushewar Tarayyar Sobiyet ta mayar da mutane inuwa. A can narkewar ita ce maganar. Haka mai hoto a Yelwa zai iya buɗe ƙyaure da dare, fitilun masunta su zana layukan haske a kan ruwa, a ga taswirar wahalar dare ɗaya wadda ido ba zai taɓa haɗawa ba. Zai iya taƙaita buɗin zuwa rubu'in daƙiƙa a ranar Rigata, fuskar matuƙi ta tsaya, filafili ya zama fiffike. Zai iya jiran lokacin da ruwa ya ja, kututturan tsoffin itatuwa su leƙo, ya kwantar da ruwan kewaye da su don a tsaya a dube su a matsayin shaidun gonakin da ke ƙasa. A duk waɗannan, kafin ya latsa sai ya tambayi kansa wa zai ɓace a hoton nan, kuma ko ɓacewarsa tana faɗin gaskiya.

Jikokin waɗanda aka tasa daga gungaye a 1968 sun san darajar hoton tsohon gari, ko da ya koɗe, ko da ya karkace, muddin ana iya nuna ƙofar gidan kaka a cikinsa. Tafkin da muke gani yau shi ma yana sauyawa: kifi, irin jirage, ragar da ake sakawa, har wuraren da ruwa ke tsayawa. Nan da shekara hamsin, yaron da aka haifa a Wara ko Zamare zai nemi ya ga yadda kakansa ke riƙe filafili, da yadda ake jera kwandunan kifi a tasha da sassafe, da irin lodin da jirgin kasuwa ke ɗauka. Matasan da ke riƙe da waya da kyamara a gaɓar nan yau su ne za su bar masa wannan gado ko su hana shi. Ina roƙonsu su koyi dogon buɗi da kyau, su iya lissafin haskensa, sannan su bar masuncin a cikin hoton.