Mujallar Gari da Riwayar da Ba Ta da Isnadi

A 'yan shekarun nan tarihin garuruwanmu ya yi ƙaura daga takarda zuwa wayar hannu, har ya zamana da wuya gari ya waye ba ka ga wani ya sa hoton Gidan Rumfa ko na wata tsohuwar ƙofa a Facebook ba, ya biyo shi da ƙissa mai daɗin ji wadda ba a ambaci wanda ya ruwaito ta ba, balle littafin da aka ciro ta. Ba na ƙin wannan himma, domin ta sa samari sun fara tambayar asalin unguwanninsu. Sai dai riwayar da ba ta da isnadi, ko a zauren malam, ba a gina hukunci a kanta.

Kwanan baya na tsinci wani tsohon kwafin Kano Studies, mujallar da aka fara bugawa a Kwalejin Abdullahi Bayero a 1965, a shimfiɗar wani mai sayar da tsofaffin littattafai, takardun sun yi ja, gara ta ci gefen bango. Fitowar 1968 ce, wadda a cikinta Muhammad al-Hajj, malamin nan mutumin Sudan, ya fito da Asl al-Wangariyyin, littafin da aka rubuta a shekara ta 1061 bayan Hijira. To, Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, cewa ya yi Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, alhali kuwa Asl al-Wangariyyin ya ajiye zuwansu, ƙarƙashin jagorancin Shehu Abdurrahman Zaite, a zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin sarakunan biyu kuwa akwai kimanin shekara ɗari. Irin wannan saɓani, wanda shi ne gishirin tahƙiƙi, mujalla ce kaɗai take da haƙurin shimfiɗa shi, ta bar mai karatu ya auna hujjojin da kansa; mai waya kuwa ɗaya zai ɗauka, ya rantse a kanta.

Aibin mujallar, in za a yi adalci, shi ne da Turanci ta yi magana, saboda haka waɗanda ake zancen kakanninsu ba su ji ba. Na kai kwafin wurin wani dattijo a unguwar Madabo, na fassara masa shafi biyu. Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ɗana, dakata, mu ma akwai abin da muka gada," ya tashi ya shiga gida ɗauko gafaka.