Mai Kaya ko Ɗan Dako? Sharhi a kan Gypsy Folk-Tales na Groome

A shekarar 1899 Francis Hindes Groome ya wallafa Gypsy Folk-Tales a Landan, mai ɗauke da tatsuniyoyi 76 na al'ummar Romani, wadda Turawa suka laƙaba wa suna "Gypsy" bisa kuskuren zaton daga Masar ta fito. Har yau ɗalibin adabin baka da ke son sanin tatsuniyar wannan al'umma ba zai tsallake littafin ba. Amma akwai bukatar a karanta shi da lura.

Yawancin tatsuniyoyin ba Groome ne ya ji su da kunnensa ba. Ya ɗebo su daga ayyukan magabata, irin su Paspati (1870) a daular Usmaniyya da Barbu Constantinescu (1878) a Romaniya, ya mayar da su Ingilishi, ya jera su ƙasa-ƙasa. Manufarsa kuwa tana cikin doguwar gabatarwar littafin. Tun 1782 Rüdiger ya nuna dangantakar harshen Romani da harsunan Indiya, sannan Benfey (1859) ya kawo ra'ayin cewa Indiya ce mafarin yawancin tatsuniyoyin Turai. Groome ya haɗa biyun, ya kawo hasashen cewa Romani na cikin waɗanda suka yi jigilar tatsuniya daga Gabas zuwa Yamma.

A ganina nan ne raunin aikin yake. Da niyyar ɗaukaka su ya yi haka, amma ya mayar da su ƴan dako, darajarsu tana ga kayan da suka ɗauko. Kuma harshen ma bai ba shi cikakken goyon baya ba, domin kalmar da karuruwan Romani da dama ke amfani da ita ga tatsuniya, wato paramisi, aro ce daga Girkanci.

Mu duba "The Red King and the Witch", daga tarin Constantinescu. Autan sarki ya gano ƙanwarsa jaririya mayya ce, sai ya binne akwatin kuɗinsa, ya shiga duniya neman inda babu tsufa babu mutuwa. Ya samu wurin a gidan Iska, ya zauna shekaru marasa adadi, har begen gida ya kama shi. Da ya komo bai tarar da kowa nasa ba sai ƙanwarsa mayyar. Ya tono akwatin, sai ga Tsufa a lungu ɗaya, Mutuwa a ɗaya lungun, suna jiran sa. Romaniyawa suna da ƴar'uwar wannan tatsuniya a tarin Petre Ispirescu, kuma neman irin wannan dangantaka shi ne abin da ya fi cin hankalin Groome. To, amma akwatin nan fa? Tauraron da hannunsa ya binne ajalinsa tare da dukiyarsa tun kafin ya tashi. Wannan zubi ne na mai ba da labari da ya san aikinsa, kuma mai neman asali kaɗai ba ya tsayawa a kansa.

Inda littafin ya fi armashi shi ne sashen Wales, domin a can an san bakin da maganar ta fito, kamar Matthew Wood wanda John Sampson ya rubuta tatsuniyoyinsa. Wannan tafarki ne ya yi ƙarfi daga baya. A Hangari, Sándor Erdész ya tattara tatsuniyoyin mutum ɗaya, Lajos Ámi, aka buga su cikin juzu'i uku a 1968. Da harshen Hangari Ámi yake ba da su, abin da ke nuna cewa harshe shi kaɗai bai isa ya raba gardamar mallaka ba.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun san Dorugu a Magana Hausa na Schön (1885), amma labarai da yawa a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar (1911-1913) sun iso mana ba tare da bayanin wanda ya faɗe su ko yanayin faɗar ba. Edgar yana da uzurin zamaninsa. Abin da ke damuna shi ne kundayen ɗalibanmu, inda har yanzu nake ganin tatsuniya goma ko ashirin a rataye, an ce "an samo daga wata tsohuwa", babu shekarunta, babu garinsu, babu ko yawan yaran da suka amsa mata "ta zo mu ji ta".