Shaidar Hoto a Kan Gawon Ƙasar Magaria

Tun daga farin 1973 har zuwa na 1984, abin da masu ɗaukar hoto suka saba kai wa duniya daga ƙasarmu bai wuce mushen saniya da tsagaggiyar ƙasa da rairayi yana cin gona ba, har mutanen nesa suka sakankance cewa hamada ta riga ta gama da mu. Hotunan nan gaskiya suka faɗa, illa dai shaidar yini guda ce, alƙali mai adalci kuwa ba ya yanke hukunci sai bayyina ta cika.

Cikon bayyinar daga sama ya zo. Yayin da Gray Tappan, wani masanin ƙasa na Amurka, da abokan bincikensa Chris Reij da Mahamane Larwanou, suka jera hotunan da aka ɗauka daga jirgi a 1975 kusa da na tauraron ɗan'adam na wajejen 2005, sai ga gonakin da dā suke fetal sun cika da ɗigo-ɗigon baƙi, kowane ɗigo itace ne mai rai. Aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma cikin wuraren da abin ya fi kauri akwai Magaria da Matamaye da Mirriya, inda gawo ya mamaye gonaki. Garin Dogo-Dogo, wanda a dā yake cikin Magaria kafin a yanke Dungas daga cikinta a 2011, shi ma a wannan shiyya yake.

To, amma duk da ƙarfin hujjarsa, hoton sama ba ya nuna hannun da ya yi aikin. Ba a ganin manomi durƙushe a gindin kututture gabanin shuka, yana zaɓen toho biyu ko uku masu ƙarfi ya bar su, ya sare saura, abin da ake kira sassaben zamani. Gawo kansa ma yana iya ruɗin baƙo, domin shi da damina yake kakkaɓe ganye, da rani ya yi shar. Wanda ya ɗauki hotonsa a watan Agusta, tsaye tsirara bisa gero, zai kai wa jama'arsa hoton mataccen itace, alhali tsiraicin nan shi ne rahamar gonar, tunda rana tana ratsawa ta sami shuka, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki, 'ya'yansa su ciyar da awaki sa'ad da ciyawa ta ƙare. Saboda haka nake ganin hoton da ba a rubuta masa wuri da wata da shekara ba tamkar riwaya ce marar isnadi.

Da ma samarin Dogo-Dogo, da wayoyin da ke aljihunsu, za su riƙa ɗaukar hoton gawo guda a gonar gidansu sau biyu kowace shekara, da damina da rani, mai gonar yana tsaye a gindinsa.