Garin da Ba a Ɗauke Wa Wuta

Akwai wani gari da ya mamaye littattafanmu na hikaya da finafinanmu, wanda har yau ban gamu da mutumin da ya taɓa kwana a cikinsa ba. A garin nan ba a ɗauke wuta, famfo ba ya ƙafewa, mota ba ta mutuwa a tsakiyar titi. Idan saurayi ya ce wa budurwa yana nan tafe ƙarfe takwas, ƙarfe takwas ɗin za a ji ƙarar motarsa a ƙofar gida, ko da daga wancan gefen gari ya taso. Wani marubucin zai kira garin Kano, wani ya ce Abuja, ƴan namu na nan gida kuma sun fara kiransa Yamai ko Maraɗi. Sunan ne kawai ke canzawa. Wanda ya san waɗannan garuruwa ya san ba su ake nufi ba.

Abin da nake so mu duba shi ne me adabinmu ya yi da ƙananan wahalhalun yau da kullum, irin waɗanda ba su kai a kira su masifa ba amma su ne suke cinye rabin yinin mutum: ƙwan fitila da ya ƙone, layin mai, cunkoson ababen hawa, bakaniken da ya ce "dawo da la'asar" yau kwana huɗu ke nan. Ra'ayina shi ne mun bar su a waje, kuma labaranmu ne suka yi asara.

Mu fara da wuta, don ita ce ta fi shiga cikin ɗaki. Mutumin Nijar ya san wutarsa ba a hannunsa take ba. Shekara da shekaru mafi yawan lantarkin ƙasar nan daga Najeriya aka yi ta sayo shi, ta layin da ya biyo ta Birnin Kebbi zuwa Dosso da Yamai, da wanda ya fito ta Katsina ya nufi Gazawa don ya ba Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta, kowa ya ga ma'anar wannan da idonsa. Mai sayar da ƙanƙara ya rasa jari, tela ya koma keken ƙafa, mai walda ya zauna yana kallon ƙarfe, ɗalibai suka koma fitilar waya, har zuwa lokacin da aka ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairu 2024. Wannan siyasar ƙasa da ƙasa ce, amma a cikin firjin uwargida ta sauka. Ina labarin da ya bi ta nan? A cikin abin da ke zuwa hannuna na labaran da ake rabawa kashi-kashi ta WhatsApp, jarumar tana nan kwance a kan gadonta, na'urar sanyaya ɗaki na aiki, tana kukan soyayya.

Ba ina cewa kowane labari ya zama rahoton gidan rediyo ba ne. Magana ce ta sana'ar rubutu. Ɗauke wuta yana canza yadda gida yake. Da zarar fanka ta tsaya a watan Afrilu, zafi ya haura maki 40, ɗaki ba ya zaunuwa. Kowa ya fito tsakar gida da tabarmarsa: uwargida, amarya, surukuwa, yara, har baƙon da ake ta ɓoye wa halin da gidan ke ciki. Mutanen da suka yini suna kauce wa juna sai ga su kafaɗa da kafaɗa a cikin duhu, ba talabijin da za a fake da shi, waya kuma saura kaɗan ta mutu. Marubucin da ke neman dalilin da zai haɗa kishiyoyi biyu wuri ɗaya har gaskiya ta fito ba ya buƙatar boka, ba ya buƙatar a tsinci wasiƙa a aljihu. Rayuwa ta ba shi dalili kyauta. Kuma akwai tambayoyin da duhu ke tayarwa: wa ke riƙe da tocila ɗaya tilo da ke gidan? Idan maigida ya tayar da janareto, ɗakin wa aka ja wa waya? Wa ke biyan kuɗin mai? Naman da ya lalace a firji, laifin wa ne? Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san an yi gaba ta wata guda a kan abin da bai kai wannan ba.

Haka batun hanya. Cunkoso yana da wani aiki da marubutanmu ba su cika lura da shi ba, wato yana ba labari lokaci. A yawancin littattafan nan tafiya jimla ɗaya ce: ya shiga mota, ya isa. Amma wanda ya taɓa tsallaka gadar Kennedy ta Yamai da safe, ko ya ratsa ta kasuwar Kwari a Kano a cikin a-daidaita-sahu, ya san cewa tsakanin "ya tashi" da "ya isa" akwai sa'a guda da mutum zai iya sauya shawara a cikinta. Wanda ya fito da niyyar sakin matarsa yana iya hucewa kafin ya isa, ko ya ƙara tunzura. Ɗan kabu-kabu da fasinjansa suna iya yin hirar da ba za su taɓa yi da danginsu ba, don sun san ba za su sake haɗuwa ba. Ko a tarihin gari ma abin yana da nauyi: da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, dubban matasa ne sana'arsu ta sauya a dare ɗaya, yadda mata ke fita unguwa ma ya sauya. Wannan ai littafi ne guda.

Magabata ba su raina irin wannan ba. Aliyu Namangi, wanda muka sani da Imfiraji, bai ga ƙasƙanci ba a yi wa keke waƙa. Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba wanda ke kallonsa sau biyu a tasha. A fagen zube, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, har yau yana da ƙarfi saboda marubuciyar ta yarda ta yi lissafi. Da aka kori Rabi da ƴaƴanta tara, littafin ya bi ta zuwa inda za ta sami abin da za ta ciyar da su, har ta kama sayar da abinci. Mai karatu yana jin nauyin kowace tukunya. A talabijin kuma, abin da ya sa Daɗin Kowa na Arewa24 ya shiga ran mutane har a wannan gefen iyaka shi ne masu kallo sun ga soro irin nasu, da lungu irin nasu, da bashin da ake bin maƙwabci. A nan gida, wasannin Yazi Dogo da abokan aikinsa sun yi irin wannan aikin tun da daɗewa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce mai karatu ya yini cikin wahala, ya sayi data da kuɗinsa, ba ya so ya buɗe waya ya sake tarar da wahalar da ya baro. Yana son gidan da wuta ba ta yankewa, ko da na minti talatin ne. Wannan haƙƙinsa ne. Sai dai mafarki ma yana buƙatar abin aunawa. Gidan Alhaji mai hasken rana a rufi da janareto a baya ba ya burge kowa idan duk gidajen da ke cikin littafin haka suke. Ranar da unguwa ta yi duhu gidan nan shi kaɗai ke haske, yara suka taru a jikin katangarsa suna karatu, maƙwabta suka fara aiko da wayoyi a sa musu caji, a ranar ne mai karatu zai san me ake kira arziki, ya kuma san wane irin mutum ne Alhajin daga yadda ya karɓi wayoyin.

Inda kuma aka taɓo waɗannan abubuwa, sau da yawa ana taɓa su ne da kasala. Bakanike a finafinanmu mutum ɗaya ne kullum: baƙin mai a riga, ƙarya a baki, an kawo shi don a yi dariya. Lallai akwai masu cire sabon abu su sa tsoho, kowa ya san da su. Amma ba a taɓa nuna mana abin da yake gani daga ƙarƙashin motar ba. Motar da aka kawo masa ta yi shekara ashirin a Turai kafin ta sauka a Kwatano. Kayan gyaran da ke kasuwa wani na gaske ne, wani jabu, kwalinsu iri ɗaya. Mai motar ya ce a lallaɓa kawai, ba kuɗi, gobe kuma shi zai dawo yana zagi. Ga yara shida da iyayensu suka kawo koyon aiki, shi ke ba su na abincin rana. "Dawo da la'asar" ɗin nan wani lokaci ƙarya ce, wani lokaci kunya ce, don ya ci kuɗin kayan a asibiti. Marubucin da ya zauna a gareji na yini biyu zai fito da mutum, ba abin dariya ba.

Zai kuma fito da harshe, wanda shi ne abin da ya fi ba ni takaici. Hausar gareji da ta masu gyaran wuta tana da rai. Abin da bakaniken Kano zai kira fulogi, na Damagaram buji zai ce. Can a ce NEPA ta kawo wuta, duk da cewa an sauya wa hukumar suna tun 2005, nan kuma a ce kuran ya dawo. Hausawan zangon Kumasi da na Nima sun ɗauki kalmar dumso daga maƙwabtansu, wadda ke nufin kashe-kunna, kalmar da ta kai har aka yi zanga-zanga da ita a Akara a 2015. Ta bakin mutum kaɗai mai karatu zai gane daga wane gefen iyaka ya fito, da wace sana'a yake ci. Maimakon haka, jarumanmu suna magana da wata Hausa mai santsi wadda ake yayyafa wa Turanci don nuna wayewa, har a labarin da aka ce a Tawa ya faru, inda ba Turancin Ingilishi ake ji a titi ba.

Ruwa ma haka. Damagaram ta yi suna da ƙarancin ruwa tun kafin a haifi yawancinmu, kuma ɗan garuwa yana shiga gidajen da ba kowane namiji ke shiga ba, yana jin abin da ake faɗa a tsakar gida, ya san gidan da ke biya nan take da gidan da ke cewa a rubuta. A cikin labaran da na karanta, ban ga inda aka ba shi fiye da layi ɗaya ba: ya yi sallama, ya juye ruwa, ya fita.