Ɗan Gudun Hijira da Hotonsa: Tsokaci a kan Ayyukan Samuel Fosso

An haifi Samuel Fosso a Kamaru a 1962, ya tashi a Afikpo, inda Yaƙin Basasar Nijeriya ya rutsa da shi. A 1972 kawunsa ya tafi da shi Bangui, a can kuma ya buɗe shagon ɗaukar hoto a 1975, yana ɗan shekara 13. Idan masu ɗaukar hoto suka watse, sai ya caɓa ado, ya ɗauki kansa da ragowar fim, ya aika wa kakarsa a Nijeriya domin hankalinta ya kwanta.

Wannan shi ne tushen fasaharsa. Bikin hotuna na Bamako na 1994 ya fito da shi duniya. A jerin African Spirits na 2008 ya rikiɗa zuwa kamannin Mandela da Malcolm X da Angela Davis. Gwaninta ta ƙaru a nan, sai dai hotunan ba su kai na farko ratsa zuciya ba, domin masu zuwa gidajen nune-nune aka yi wa su, ba kaka ba.

Wannan batu ya shafi ƙasar Gobir. Tun 2019 'yan bindiga suka tilasta wa dubban mutanen Sabon Birni da Isa tsallakawa jihar Maraɗi. Akasarin hotunansu da duniya ke gani baƙi ne suka ɗauka, cikin halin ƙunci. Darasin Fosso shi ne, wanda aka raba da gidansa yana da haƙƙin zaɓen kamannin da za a tuna shi da su.