Gizo da Gammo

A Yaƙin Hitila, sojan Afirka ta Yamma da aka kai ƙasar Bama runduna biyu ne, ta 81 da ta 82. Duka an kafa su a 1943, kowace da tambarinta ɗinke a kafaɗar riga. Na ta 81 baƙin gizo-gizo ne bisa rawaya, watau Ananse na tatsuniyar Asante, takwaran Gizo na Hausawa. Na ta 82 kuwa mashi biyu ne gicciye bisa gammo.

Tambarin gizo yana da kyaun gani, amma mutumin Kankiya ko Kusada da ha'inci da ragwanci ya san Gizo, ba kuwa halin da a ke yabon soja da shi ke nan ba. Gammo shi ya faɗi gaskiya. A duwatsu da kurmin Arakan akwai wurare da yawa da mota ba ta shiga, ko da mai sulke ce. Dubban sojan dako su suka ɗauki harsashi da abinci a ka, har aka ci Myohaung cikin Janairu 1945. Wanda ya zaɓi gammo ya tuna da ɗan dako, wanda ba safai a kan ambace shi ba, saboda haka tambarinsa ya fi cancanta.